Wanda Ke Riƙe da Reza

Mu dukawa ne, gadon gidanmu ke nan. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, a zauren gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin fata, kuma tun da na yi wayo abu biyu na sani ba sa barin gefensa: basilla da rediyo. Rediyon ma riga gare shi ta jar fata, har da tuntu. Baba ya sha ba mu labarin rediyo-kulob, ƙungiyoyin masu saurare da aka kafa a Nijar a 1962, inda ake taruwa da dare a ji shiri, a tattauna, wani mai na'ura ya ɗauki maganar jama'a ya aika Yamai. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryarsa, a kan tsadar fata. Ya yi wata uku yana kasa kunne, bai ji kansa ba. Har ya koma ga Allah yana cewa ƙila kaset ɗin ne ya faɗo daga mota a wajajen Dogon Dutsi.

An haife ni a 1970, kuma ni aka sa lakwal don an ga hannuna bai faɗa da fata ba. Na yi Lise Amadu Kuran Daga, na wuce Yamai makarantar aikin jarida ta IFTIC, ɓangaren sauti. Na dawo gida daidai lokacin da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara tsirowa, bayan babban taron ƙasa na 1991, aka ɗauke ni a ɗaya daga cikinsu. Ba muryata ake ji ba. Ni ne mai yanka.

Wanda bai ga zamanin tef ba sai an yi masa bayani. Ɗan jarida zai dawo daga gari rataye da Nagra, wata na'ura ƴar ƙasar Suwis mai nauyi kamar dutsen niƙa, ya miƙo mini faifan. In ɗora, in riƙa juya shi da hannu gaba da baya har in ji daidai inda kalma ta ƙare, in sa alama da farin fensir, in yanke da reza a karkace, in haɗa baki biyu da salatif. Abin da na yanke ya faɗi ƙasa. Kafin a tashi aiki ƙarƙashin teburina ya cika da guntayen maganar mutane, da safe mai shara ya kwashe. Daga baya kwamfuta ta zo, reza ta tafi, amma hannu bai sake hali ba.

Tari nake yankewa, da in-ina, da “to”, da “wato”, da shiru. An koya mana cewa in rediyo ya yi daƙiƙa uku babu magana, mai saurare zai zaci batir ne ya mutu ya murɗa wata tasha. Wannan duk aiki ne, ba laifi. Laifin yana wani wuri. In an je buɗe rijiya a ƙauyukan Mirya ko Tanut, manya su sami minti huɗu, mai furoje minti biyu, matar da za ta ja ruwan kuwa daƙiƙa goma sha biyar, daidai inda ta ce “mun gode, Allah shi saka”. Inda ta ce rijiyar ta yi nisa da gari yana ƙarƙashin teburina. Ba wanda ya taɓa ba ni umarni. Haka na tarar ana yi. Hausar ma kwaskwarima muke yi mata. Mu nan “tahi” muke cewa da “lahiya”, amma da an kunna jar fitila kowa ya zama Bakano. Wata rana ina tattara guntaye na tuna kaset ɗin Baba. Bai faɗi a Dogon Dutsi ba. Ya isa Yamai lafiya lau, ya tarar da irina. Na yi dariya ni kaɗai, na ci gaba da aiki.

Shekara ashirin da biyu na yi. Talla ta ja baya, albashi ya koma rabi-rabi, har muka bi gidan bashin wata bakwai. Ranar da na buɗe baki aka nuna mini cewa yaro ɗan sitaj zai iya aikina kyauta. Gaskiya ne kuwa, ni na koya masa. Na kama ƴar rumfa kusa da Kasuwar Dole, ina cajin waya ina tura wa mutane abubuwa a memori.

A rumfar nan na san abin da jama'a ke saurare in an bar su da zaɓinsu. Wa'azi da waƙa, wannan kowa ya sani. Amma akwai karatun littattafan Hausa, kuma akwai saƙon murya na WhatsApp, wanda muke ce wa bokal, na wani da ya maƙale a hanyar Libiya yana ba da labarin abin da ya same shi, minti ashirin, iska na dukan wayar, irin sautin da ba zan taɓa bari ya fita daga hannuna ba. Mutane kuma su zo su biya dala ashirin a tura musu. Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar nan tamu, wadda yanzu ake kira Andre Salifu, ya ce, “Kawu, ai abin nan da kake sayarwa yana da suna, fodkas.” Ya ce a 2004 aka ƙera kalmar daga sunan na'urar iPod: shiri ne na murya da ake ajiyewa a intanet, ka saurara sa'ad da ka ga dama. Babu darakta, babu jar fitila. Ya ce shi da abokansa suna so, amma sautinsu kamar daga cikin tulu. A 2021 na share zauren Baba, na shimfiɗa tabarmi, samari tara suka zo.

Darasin farko ba a taɓa waya. Na ce kowa ya rufe ido minti biyar ya faɗa mini abin da ya ji. Na farko ya ce bai ji komai ba. Komai! Alhali ƴan ga-ruwa sun wuce da kura bidon na karo da juna, ana daka a gida biyu, kuma ba turmi iri ɗaya ba ne, ƴan makarantar allo na ta ɗaga murya. Garin da ke zaune a kan dutse, wanda ruwansa daga nesa ake jawo shi, ƙarar bidon ce tambarinsa, amma mun ji ta har mun daina ji.

Sauran dabarun ba su da wuya. Danna alamar jirgin sama kafin ka fara, kada kira ya shigo. Waya taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace. Da hunturu a sa mata safa, wankakkiya dai. Ɗakin siminti mai rufin kwano amsa-kuwwa gare shi; ɗakin ƙasa ya fi, ɗakin amarya mai katifa da labule ya fi duka. Kada ka tambayi abin da za a amsa da i ko a'a. In mutum na magana ka gyaɗa kai ka rufe bakinka, kuma ga Bahaushe wannan ya fi komai wuya, don mun saba da “na'am” da “ikon Allah”, har wanda ake ɗauka kan tsaya ya tambaya ko lafiya. Ka ɗauki minti ɗaya na shirun ɗakin kafin ka tashi, zai yi maka faci. Yanka da manhajar Audacity muke yi, kyauta ce. In an gama a matse shirin yadda minti ɗaya ba zai wuce rabin mega ba, don wanda za ka tura wa da guminsa yake sayen mega.

Bayan wata uku kowa ya kawo nasa, sauti tas. Biyar ƙwallon Turai, uku siyasa, ɗaya hanyoyin zama attajiri, daga yaron da ni nake ba shi kuɗin shayi. Duka tara da muryar aro suka buɗe, kuma in ka rufe ido ba ka rarrabe su: duk Hausawa, duk maza, duk ƴan lise ko jami'a, duk daga Birni da Zango da Sabon Gari. Ina ƙorafi a gida sai uwargida ta ce, “Malam, kai shekarun nan da ka yi, mace nawa ka ɗauka a cikin ɗakinta?” Na fara lissafi, ungozoma a likita, shugabar ƙungiya a wajen taro. Ta ce, “A ɗakinta na ce.” Babu ko ɗaya. Namiji a garin nan iyakarsa zaure.

Na zaci sanarwa ta isa. Na rubuta a Facebook cewa ƙofa a buɗe take ga mace da namiji. Ba wadda ta zo. Aji bayan isha'i, a zauren wani ƙato, cikin samari tara, wane uba ne zai bari? Sai da na mayar da shi safiyar Asabar, uwargida ta riƙa zama a ciki da saƙarta, na bi gida-gida ina gaida iyaye. Na kuma gano cewa kuɗin kabu-kabu, dala ɗari zuwa da komowa, ya fi ganuwar Sarki Tanimun tsawo ga wasu gidajen. Rumfata ke biya har yau. Wani dattijo ya ce muryar ɗiyarsa ba za ta fita duniya ba. Ban yi gardama da shi ba. Na ce to ta koyi yanka da haɗi, ba sai an ji ta ba. Ya yarda.

Cikin waɗanda suka zo akwai wata ƴar Kara-Kara, shekararta goma sha tara. Ba ni na gayyato ta ba, a bakin wata ta ji. Duk ɗan Damagaram ya san abin da sunan unguwar ke jawowa. Nan aka tsugunar da kutare tun da daɗewa, a bayan gari, daga baya kuma sunan ya haɗu da na ƴan pale, samarin nan masu ɗaga ƙarfe da faɗan daba. Ni da gari ɗaya ya haɗa mu, sau biyu na taɓa shiga, duka biyun ina riƙe wa ɗan jarida kaya.

Aikin farko, na ce kowa ya ɗauko wani tsoho a gidansu. Ta kawo kakarta, minti arba'in da bakwai. Tsohuwar tana cin tuwo ana hirar. Ba ta da yatsu, cokali ake ɗaura mata da tsumma, saboda haka daga farko har ƙarshe kana jin ƙarfe na kartar kwano. Tana kiran jikar tata kishiya, tana zaginta cikin wasa. Ta faɗi yadda tabo ya fito mata a baya an riga an sa ranar aurenta, yadda aka ware mata ƙwarya da tabarma, yadda kawunta ya ɗora ta a jaki daga ƙauyensu ya kawo ta ya ajiye, ya juya tun rana ba ta faɗi ba. Jikar ta ce, “Kaka, to Innarki fa, ta rako ki?” Sai shiru. Cokalin ma ya tsaya. Na duba a kwamfuta, daƙiƙa goma sha huɗu. Can zakara ya yi cara a maƙwabta, sannan ta ce, “Ta yi mini fura.” Ba ta ƙara ba.

Ganin yarinyar ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba, na ce bari in taimaka. Dare ɗaya na yi aikin, kuma wallahi na yi shi da kyau irin na da. Minti shida. Na danne ƙarar cokali iya iyawata, na cire zagin, na cire zakaran, shirun nan na mayar da shi daƙiƙa ɗaya. Na rubuta mata gabatarwa cewa kuturta cuta ce da ake warkewa cikin wata shida zuwa shekara, kuma tun 1995 ake samun maganin kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk gaskiya ne.

Ranar Asabar na kunna a gaban aji ina jiran yabo. Samarin suka tafa. Ita ta sunkuya tana wasa da bakin hijabinta.

Na ce, “Ɗiyata, yaya kika ji?”

Ta ce, “Mushe,” yadda muke kiran malamin lakwal, “ya yi kyau.”

“Amma?”

“Amma wannan ba kakata ba ce. Wannan wata baiwar Allah ce abar tausayi. Kakata masifaffiya ce.”

Aji ya kwashe da dariya, ban da ni. Na hau bayani: shekara ashirin da biyu, mai saurare ba ya jure shiru, ƙarar kwano datti ce. Ta bari na gama, don ƴar tarbiyya ce, sannan ta ce a hankali, “Mushe, in ka cire cokalin, ta yaya za a san da kanta take cin abincinta? Ba ta yarda a ba ta a baki. Duk duniya da shi take alfahari.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, kuma ya kwana biyu a ɓace. Abin da ya fi ci mini rai, na san karin maganar nan ta waƙa a bakin mai ita, na sha jin ta a abin kunnena ina aiki. Asabar ta gaba na zaunar da ita gaban kwamfutar, na nuna mata maɓalli uku, na zaɓe, na yankewa, da na dawo da abin da aka yanke, na fita na bar ta.

Sati uku ta yi, ta fito da minti goma sha tara. A ma'aunina akwai kurakurai, wani wuri sauti ya yi tsalle, wani wuri ta bar maimaici. Shirun kuwa ta bar shi yadda Allah ya yi shi. Bayanin magani ba ta jefar ba, ta kai shi ƙarshe, bayan tsohuwar da kanta ta ce da ƙwayoyin nan sun same ta tana budurwa da yanzu da yatsunta za ta ja kunnen kishiya. Kafin mu saki ta koma ta kunna wa kakar. Tsohuwa ta saurara tsaf ta ce a cire sunan kawun: ya mutu, kuma yana da jikoki. Ranar na ɗauki alli na rubuta doka a bangon zaure, cewa ba a sakin muryar mutum sai an koma an kunna masa, abin da ya ce a cire a cire. A gidan rediyo ban taɓa yin haka ba ko sau ɗaya.

Bayan wata biyu na hau kabu-kabu daga tasha, yaron ya ɗaure ƴar lasifika a kan babur, sai na ji kartar cokali. Da aka zo shirun ya rage gudu ya duba wayarsa. Malamaina na Yamai ba su yi ƙarya ba ke nan. Sai zakara ya yi cara. Ya waiwayo ya ce, “Baba, sau uku ke nan ina ji, kuma kullum a nan sai na duba.” Bai canza ba.

Rigima ta biyu ta harshe ce, nan ma ni aka kayar. Wani Babarbare ɗan Gure ya kawo gwaggonsa tana bayanin yadda ake dafa gishiri a ƙasar Manga, da Barbarci tsantsa. Na ce ya koma ta sake faɗi da Hausa, ai tana ji. Ya ce tana ji, Hausar ciniki, amma da Hausa ba ta iya ba'a, ba ta iya kuka. Mu ƴan Damagaram mun ƙware a ƙorafin an mayar da mu saniyar ware tun da Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926, mun kuma ƙware a kukan Faransanci ya danne Hausa. Ban taɓa tsayawa na tambayi wa Hausar ke dannewa ba. Alhali gidan sarautar garin nan kansa tushensa Barebari ne, kuma Ciroma da Galadima da Yarima da muke ji a fadodin Hausa duk aron Barno ne.

Abin da muka tsayar shi ne mutum ya yi magana da harshensa, a bar jimlarsa ta kai ƙarshe ana jin ta sarai, sannan fassara ta biyo, ba irin yadda muke yi da ba, a bar kalma biyu a ɗora fassara a kan sauran. Shiri kan ninka tsawo, mega ta ƙaru, wasu Hausawan su ce an ɓata musu lokaci. Su ce. Wani lokaci mukan fitar da na biyu babu fassara sam, don ƴan gida. Ta hanyar ɗan Gure wani Bafulatani ya zo, abokin wasansa, kullum suna cacar baki a kan wane ne bawan wani. Sai wata Ba'abziniya daga Tanut. A Maris na 2025, da sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki, na shigo aji kamar an yi mini haihuwa. Ɗan Gure ya taya ni murna, sannan ya ce, “Mushe, yanzu ku ne Faransawan.” Wasa ya yi, aka yi dariya. Ni dai na riƙe maganar.

Wanda ya fi kowa kunne a cikinmu makaho ne, mahaddacin Alƙur'ani. Mu da ido muke yanka, muna kallon zanen sauti. Shi da kunne da maɓallai yake yi, kuma shi ke kama mu in mun yanke numfashi rabi. Sai dai akwai inda dabarata ta ƙare. Maƙwabcina yana da ɗiya kurma, takan tsaya bakin zaure tana kallonmu da abin kunne. Mun gwada rubuta wasu shirye-shiryen a Facebook, amma rubuta minti goma sha tara aikin yini biyu ne, ita kuma karatunta bai yi nisa ba. Har yau tana tsayawa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, watanni muka yi muna yanka a waya, muna caji da ɗan farantin hasken rana na rumfata. An dakatar da RFI a Agustan shekarar, BBC ma an dakatar da ita wata uku a Disamba na 2024, jama'a suka ƙara tattaruwa a WhatsApp, inda bokal ɗin ƙarya ya fi na gaskiya ƙafa. Shi ya sa kowane shiri namu da sunan mai shi yake buɗewa, da wurin da aka ɗauka, da rana. Kuɗi kuwa babu, kada wani ya ruɗe ku. Cikin tara na farko shida sun koma ɗaukar bidiyon biki, kuma ban ga laifinsu ba. Muna rabawa a WhatsApp, a Xender, a rumfunan memori. Wasu rediyoyin karkara kan sa namu in sun sami gurbi. Sun saba karɓar shiri daga waje, don tun 2016 gidan haɗa shirye-shirye na Studio Kalangou ke aika nasa daga Yamai cikin harsuna biyar.

Bana ƴar Kara-Kara ce ke koyar da yanka, ni ina gyaran wayoyi da dafa shayi. Watan jiya ta ce ɗalibai sun ɗauki tsoffin kowa, saura ni. Na sa babbar riga kamar za a gan ni, na zauna na yi mata awa biyu: IFTIC, Nagra, manyan mutanen da na riƙe wa makirfo, ranar da tef ya tsinke ana cikin shiri na haɗa shi ba wanda ya ji. Ta kawo minti goma sha ɗaya. Babu Nagra, babu IFTIC, babu ko ɗaya daga cikin manyan. Akwai rigar rediyon Baba, akwai Dogon Dutsi, akwai wani wuri da na tsaya ina ta gyaran murya kamar mai mura. Ta kunna mini kafin ta saki. Na roƙi a mayar da Nagra, ko minti ɗaya ne. Ta ce, “Mushe, doka ta ba ka ikon cewa a cire, ba ta ba ka ikon cewa a ƙara ba.” Na waiwayi bango, haka na rubuta. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna, Nagra ɗina a ciki.